Sunan da Ya Fito ta Tsakanin Haƙora

Ina da tsohon cikin fari jaki ya harbi maigidana a haɓa, yana ɗaura masa buhun gyaɗa za su wajen awo a Azare. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye. Aka ɗauko wani Bafulatani mai ɗori daga Udubo, ya lallaba ƙashin ya mayar, ya naɗe shi da tsohon rawani tun daga haɓa har tsakar ka, ya ce ba tauna, ba magana, sai ranar da ya dawo ya kwance.

Allah ya yafe mini, da farko har daɗi na ji. Mutum ne da ko tuwo yake ci sai ya yi wa miya sharhi, yanzu kuwa sai ido. Kunu nake dama masa ruwa-ruwa ya zuƙa da karan alkama. Goro sai dai ya sansana ya mayar aljihu.

Da na haifi 'ya mace abin ya daina ba ni dariya. Tun ina da ciki ya ce akwai sunan da ya ajiye, ya ƙi gaya wa kowa, ga shi bai iya rubutu ba. Yayansa ya ce ba za a ɓata ɗori saboda suna ba, shi zai zaɓa. Na cika na batse. 'Yata ta fari, wani ya raɗa mata suna ubanta na zaune? Amma kunyar haihuwar fari ta rufe mini baki.

Kawuna ne ya ba ni labarin abin da ya faru a zaure ranar suna. Liman ya tambayi suna, yayan zai yi magana, maigidana ya riƙe masa hannu. Ya tallafe haɓarsa, ya matsa kusa da kunnen liman, ya turo kalmar ta tsakanin haƙora, gumi na tsattsafo masa. Sai da ya maimaita liman ya gane.

Ni dai muryar sanƙira na jiyo ta kan katanga. Sunan mahaifiyata ne, wadda ta rasu ina goye. Na kifa kai a zane na yi kukan daɗi, mata na ta guɗa.

Ɗorin ya motsa, haɓar ta warke a karkace, har ya tsufa da gefe ɗaya yake tauna. Wata rana na ce masa ya yi ganganci. Ya gama taunar goronsa a hankali, ya ce, "Na ga tun da kika tashi ba ki taɓa samun wadda za ki kira Inna ba."