Kwanciyar Dama a Birnin Kebbi

Duk Argungu an san ni, mutumin da ya rungumi giwan ruwa a tsakiyar gulbi har kifin ya nemi afuwa. To ni ɗin nan ne na faɗo daga kan lodin albasa, ƙashin cinyata ta hagu ya karye can sama kusa da ƙugu. Mai ɗori ya lalluba, ya girgiza kai, ya ce wagga ta asibiti ce.

Mun tashi da asuba, ni da ƙanena, an shimfiɗe ni a bayan mota kamar buhun shinkafa. Fadama ta yi kore shar, amma ni rufin mota kawai nake gani. Duk ramin da direba ya faɗa sai na ji shi a ɓargo. A wani ƙauye mata suka kawo bandar kifi bakin taga, ƙanena ya saya ya ci shi kaɗai, wai likita zai hana ni ci. Mugu.

A Birnin Kebbi aka ɗauki hoton ƙashin, aka ce sai an sa ƙarfe. Ranar aiki suka yi mini allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu murus, ido kuwa biyu. Sai mutum huɗu suka ɗaga ni a hankali, suka kwantar da ni a ɓarin dama don karayar ta dawo sama. Suka tokare ni gaba da baya kada in mirgina, suka sa matashi tsakanin gwiwoyina, suka lulluɓe ni da ƙyalle.

Nan gabana ya faɗi. Da hannuna na kwantar da mahaifinmu a kabari, kuma haka na yi masa: ɓarin dama, a tokare da hogen ƙasa, a gyara kai. Ɗakin ga sanyi, ƙafafuna ba na jin su. Na tuna 'yar autata da ba ta fara tafiya ba.

Na ce wa ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da hannuna, “Ɗiyata, don Allah ina ne gabas?”

Ta ce, “Baba, mi za ka yi da gabas?”

Sai na kama kalmar shahada, ina jin ƙarar guduma kamar a gidan maƙwabta.

Na fito da rai. Da aka sallame ni muka dawo gida da sanduna biyu, kuma na koyi cewa ba kowace kwanciyar dama ce ta ƙarshe ba. Masu dubiya suka cika zaure, na fara ba su labarin yadda na yi ta ba likitoci dariya. Ƙanena ya ajiye kofin shayi ya ce:

“Yaya, ai ma'aikaciyar ta faɗa min. Ta ce tun da ta fara aiki ba ta taɓa ganin gawar da ke gyara wa kanta alƙibla ba.”