Kirarin da ya fi kaye

Ina kallon reslin a flat ɗina da ke unguwar Rusholme, iyayena suka iso daga Birmingham. A talabijin ɗin, wani ƙaton ɗan reslin na riƙe da makirufo yana ta cika baki.

Baba ya ja tsaki. "Kokawa ce ko wa'azi? A zamaninmu dabara ke magana."

Mama ta ce, "Malam, ranar da na fara ganinka, kirari ka yi har makaɗa suka gaji. Ana kamawa aka maka ka da ƙasa."

"Santsi ne!"

"Wanda ya kayar da kai ko sunansa ban tambaya ba. Wa na aura?"

Baba ya lalubo remote ya ƙara murya.

Ashe albarkacin cika baki aka haife ni. Ku fa, gwanin kaye ko gwanin baki?