Kafson Da Ta Riƙa Ba Mijinta

Wata rana na raka yayata asibiti, na zauna a benci kusa da wata mata da ba ta daɗe da fita takaba ba.

Ban tambaye ta komai ba. Ita ta fara.

Mijinta direban tifa ne. Shekara uku yana ganin jini in ya zaga, kowa na cewa basir ne.

Sai da ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa aka yi hoto.

Kansar hanji. Ta riga ta taɓa hanta.

Aka fara yi masa ƙarin ruwan magani duk bayan sati uku. Maganin na sa shi gudawa, wataran sau takwas kafin azahar.

Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi. Tausayi ya hana ta zama, ta tafi kemis ɗin bakin layinsu.

Mai kemis bai tambayi me ke damunsa ba. Ya ƙirgo kafso mai kashe ƙwayoyin cuta, ya ce safe da yamma.

Wata huɗu tana ba shi. Ba ta faɗa wa likita ba, don a ganinta maganin gudawa ba abin faɗa ba ne.

Da aka sake hoto, kansar ba ta ragu ba. Likita ya tambaya ko akwai abin da yake sha a gida. Ta zazzage masa leda a kan tebur.

"Likita, ai ƙwayoyin cuta yake kashewa."

"Har da masu taimakonsa, Hajiya. Akwai ƙwayoyi masu amfani a hanji, ana ganin suna da hannu a yadda magani ke karɓar mutum. Wannan kafson ba ya zaɓe."

Ya ƙara da cewa ba zai ɗora laifin a kan kafson kaɗai ba, ciwon ya yi nisa tun kafin su zo.

Ƙanin mijin yana tsaye a wurin. Rabin farko na maganar likita kawai ya ɗauka ya kai gida.

Bayan sati bakwai mijin ya rasu.

A zaman makoki ta riƙa jin ana raɗa cewa ita ta ƙarasa shi. Masu raɗar su ne waɗanda suka yi shekara uku suna aiko masa da jiƙon basir a jarka. Ko ɗaya a cikinsu bai taɓa wanke masa zanin gado ba.

Ta dube ni, idonta babu hawaye.

"Da na bar shi yana ta gudawar, da cewa za su yi ban kula da shi ba."



Darasi: In mara lafiyarka yana hannun likita, kada ka ba shi ko ƙwaya ɗaya sai ka tambaya, komai tausayin da kake ji. In ka ga jini a bayan gida, ka je asibiti tun da wuri. Kai kuma da ba ka yi jinya ba, ka ji tsoron Allah ka kama bakinka.

Tura wa duk wanda ka san yana jinyar wani a gida.