Minti Huɗu a Tsakanin Duwatsu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara goma sha ɗaya ya yi yana haɗa akwatin intanet a motocin safa na kamfaninsu. 'Yan tasha Eriya suke kiransa, don kullum yana saman mota yana ɗaure wata. Matarsa kan ce ba ta taɓa ganin mai tafiya kullum ba ya isa ko'ina ba sai shi.

Tana da gaskiya. In ya gama haɗa akwati, bayan direba yake zama, kwamfuta a cinya, yana rubuta duk inda sabis ya yanke. Akwai inda hanya ta ratsa tsakanin duwatsu biyu, minti huɗu cur ba sabis, fasinjoji su yi ta tsaki. Wata uku yana fama kafin ya dace da doguwar eriya da layi na biyu.

Ranar gwaji da hantsi, wayoyi ashirin ne a haɗe da akwatin. Suna shiga tsakanin duwatsun suka zama ashirin da ɗaya. Suna fita suka koma ashirin. Washegari, da wasu fasinjoji daban, haka aka yi. Ya duba, wayar jiya ce, tsohon yayi da aka daina sayarwa. Ba ta buɗe komai, wani ɗan saƙo kawai take ƙoƙarin turawa, kafin ya tafi mota ta wuce. Ya canja lambar sirri. Ta sake shiga.

A kwana na biyar ya taɓa kafaɗar direban, wani dattijo da ake kira Dogo.

"Yaya Dogo, rage mana gudu a nan."

"Ba na rage gudu a nan," in ji Dogo, bai waiwayo ba. "Nan motar ƙanina ta kife ya rasu, shekara tara ke nan."

"Don Allah, sau ɗaya."

Dogo ya taka birki. Motar ta rarrafa, kawuna na kallon saƙon har ya tafi. Nan take wayar Dogo ta yi ƙara a aljihunsa.

Sai da suka fita fili Dogo ya sauka gefen titi. Ya karanta saƙon, ya miƙa wa kawuna wayar, ga abin da ke rubuce: "Yaya, mun kusa. Ka jira ni a tasha."

Suka kira lambar, aka ce babu ita. Dogo ya goge fuska da hula, ya tada mota.

Tsohuwar wayar ba ta sake shiga ba. A rahotonsa kawuna ya rubuta cewa sabis ya gyaru, bai ƙara komai ba, sannan ya roƙi a mayar da shi motocin cikin gari. A can ya zauna har gwiwa ta hana shi hawa saman mota.