Akuyar Ɗan Fari

Shekarar da Nasara suka kwashi mazan Birni zuwa fasa dutse, har da mijina, nonona ya ƙafe ƙaf. Ɗana na fari ko zama bai fara ba. Aka gwada kunu, ya amayar. Kukansa ma ya daina fita, sai dai ya buɗe baki.

Surukata ta sayar da turkuɗinta, zanen adonta tilo, ta goya yaron, ta ce in biyo ta kasuwa in jawo akuyar da za a saya masa. Kuɗin akuya ɗaya ne, in aka yi kuskure shi ke nan.

Ga ni uwa, amma ba ni da baki. A wurinmu ba a kula ɗan fari a gaban mutane, balle gaban suruka. Ko kallonsa ka yi, an samu abin faɗa a bakin rijiya.

Wani dillali Bakano ya tare mu da jar akuya, hantsa kamar tulu. "Iya, ki duba da kanki!" Surukata ta tsuguna tana shafawa, tana gyaɗa kai. Ni kuwa ɗan akuyar nake kallo: haƙarƙari a waje, ga sawun igiya a bakinsa. An hana shi tsotso ne don hantsar ta cika ido. Kai, mutumin nan bai ji tsoron Allah ba!

Gefe guda wata tsohuwa daga Takaya tana riƙe da wata koɗaɗɗiyar akuya, ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma ɗanta ɓul-ɓul, sai tsalle yake. Surukata ta taya jar akuyar, dillali ya ce albarka, ta ƙara. Wallahi na ji kamar in kurma ihu.

Ban san lokacin da na kama kunnen koɗaɗɗiyar ba. Na riƙe gam, kaina a ƙasa.

Surukata ta juyo. Ta dube ni, ta dubi 'yan awakin biyu, ta daɗe.

"Ke, yarinya, kin riƙe dabbar mutane haka, ai sai mu biya," ta ce, ta kwance bakin zanenta.

A gida ta tatsa, ta ɗumama, ta shiga ɗura wa yaron da ludayi. Na juya fuskata ga bango yadda ya kamata. Daga nan nake jin maƙogwaronsa yana haɗiya, ƙwat, ƙwat, hawaye na zubo mini.

"Bangon ya gan ki," in ji ta. "Zo ki riƙe min kansa, hannuna ya gaji."