Ƙafafun da na hana Inna

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zai kwashe ranar da mahaifiyata ta yi ɗawafinta ina zaune a gefe kamar ƙullin kayan wanki ba. Duk sanda na tuna saurayin da nake a lokacin, dariyar takaici nake yi masa.

Karatu ne ya kai ni Makka, karatun kuma ya fi ƙarfina. Na faɗi jarrabawa, na sake faɗuwa, aka sallame ni. Ban gaya wa kowa a gida ba. Na koma wani ɗaki a unguwar Misfala ina tura arabiyya, keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai su Harami. A unguwarmu can Kano kuwa har an fara kiran Inna uwar malam.

Tun daga nan na yanke wa kaina hukunci cewa ni tarkace ne. Kowa yana zuwa garin nan a wanke shi, ni na zo na ƙara dauɗa. In wani alhaji ya sa mini albarka, sai in ji kamar na yaudare shi. In aka zage ni, sai in ji an faɗi gaskiya.

Wanda ya san Makka ya san farin dutsen filin ɗawafi sanyi gare shi ko da tsakar rana, amma kwaltar waje wuta ce. Baƙin da suka ɓatar da takalmi a ƙofar masallaci su ne ke ƙonewa a kanta bisa kuskure. Ni da gangan na fara. Sai in bar takalmi a ɗaki, in taka zuwa sallar azahar. Har suna na raɗa wa abin, wai tuba. A gaskiya kuwa, idan zafin ya ratsa ni, muryar da ke zagina a cikin kai takan ɗan yi shiru, shi ne kawai abin da nake nema. Ga ni da girman kai a ciki: ina kallon masu takalmi ina ganin ba su san nauyin zunubi ba.

Ana haka Inna ta samu zuwa Umra. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, ba ta iya doguwar tafiya. A waya ta ce, "Ba wanda zai tura ni sai kai. Na gaya wa kowa ɗana ne zai zagaya da ni ɗakin Allah."

Mai hankali da ya tattala ƙafafunsa. Ni sai kunya ta taso mini, na ce maƙaryaci irina bai dace ya riƙe keken wannan baiwar Allah ba sai ya sha horo tukuna. Ana gab da saukarta na yi tafiyar da ta fi ta kullum tsawo. Maƙwabcina ne ya kwashe ni zuwa asibiti, tafukan ƙafafuna duka biyun sun saluɓe.

Likitan haifaffen Makka ne, jikan Sakkwatawa, Hausarsa cakuɗe da Larabci.

"Ya akhi, takalminka an ka sace?" ya tambaye ni.

"A'a likita. Tuba nake yi."

Ya ɗago ya dube ni. "Masha Allah. Wane malami ya karantar da kai wannan babi? Ni dai ban taɓa jin Allah na karɓar fatar ƙafa ba."

Na ce, "Ni na san abin da na cancanta."

"Aiwa, ga ciwon ya fito," in ji shi. Yana naɗe mini ƙafa yana gaya mini cewa masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da irina. Mutumin da ke ganin kansa lalatacce, wanda ya cancanci horo, shi ya fi saurin cutar da jikinsa, shi ya fi jure zafin, don gani yake daidai aka yi masa. Ya ce akwai abokin aikinsa da ke zama da mutane su tattauna irin wannan, in je in gan shi. Na taɓe baki. A raina na ce ni da nake ibada za a mayar mahaukaci.

Inna ta iso ta tarar da ni a kwance. Ba sauran wurin ɓuya, na gaya mata komai, daga jarrabawa har kwalta. Ta dubi ƙafafun nan.

"Wato kai ne alƙali, kai ne mai bulala, kai ne mai laifi," ta ce. "Ni da na haife ka ba a ko tambaye ni ba."

"Inna, na ci amanarki. Ban zama malami ba."

"To sai me? Da na ce ɗana zai tura ni, ka ji na ce malam?"

Wani baƙo ne ya tura ta, mutumin da bai san ko sunanta ba. Ni ma sai da maƙwabcina ya ɗora ni a arabiyya ya ajiye ni inda nake hango su. Duk zagayen da ta yi, in ta zo saitina sai ta waiwayo. Ba ta ƙara zuwa Makka ba har Allah ya karɓi ranta.

Daga baya na je wurin abokin aikin likitan, muka yi ta zama har muryar nan ta rage ƙarfi. Abin da na koya shi ne, ƙin kai ba tawali'u ba ne, kuma ba tuba ba ne. Tuba gyara take sa mutum. Wanda ya ɗauki kansa a banza zai wulaƙanta jikinsa yana zaton shi kaɗai ya cuta, alhali akwai mai jiran wannan jikin. Ni ƙafafun da na ƙona, Inna ce ke da buƙatarsu.