An Ari Bakinta An Ci Mata Albasa

Aikin da na yi a Yamai bayan na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sunansa da Faransanci sai ka huta sau biyu kafin ka kai ƙarshe, amma a taƙaice ni ce mai koya wa matasa shugabanci. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ni, ni da ko adashi ban taɓa shugabanta ba. Aka ce mu tara samari da ƴan mata na unguwar Gamkalley, mu haɗa kowa da wani babba mai ba shi shawara, mu koya musu tsayawa gaban jama'a su faɗi abin da ke damun su. Kuma ba a motsi sai da abokan hulɗa na unguwa: mai unguwa, da shugabar mata, da shugaban matasa, wanda ya hau wannan kujera tun gashinsa yana baƙi, yanzu jikarsa ma tana cikin ɗalibaina.

Masu ba da shawarar sun fahimci aikin yadda ya yi musu daɗi. Wani Alhaji mai shago a kasuwar Wadata da aka ba shi samari biyu, kafin mako ya zagayo ya koya musu shugabanci ta hanyar sauke buhunan shinkafa. Da na je yi masa magana ya ce shi ma haka aka koya masa, ga shi kuwa har Makka ya je. Na sha ruwan da ya ba ni na fito.

A cikin ɗaliban akwai wata yarinya, ɗiyar wani mai lambu a bakin kogi. Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa ce, kuma in tana magana sai ka matso kusa. Amma ita kaɗai ta zo da damuwa ta gaske. Wata kwata ce da ke kwaso ruwan wanke-wanke da na bayan gida daga saman unguwa, ta fashe daidai kan lambunansu. Fangalin salatin mahaifinta na ƙasa duk sun ƙone, ruwan kuma kullum hawowa yake. Da wannan lambu suke ci. Sauran ɗaliban suka yarda ita ce za ta yi magana da sunansu ranar rufe horon, gaban wakilin magajin gari, don a zo a gyara kwatar kafin damina.

Mun sha wahala ni da ita. Nakan tsayar da ita a ƙarshen tsakar gida in koma bakin ƙofa in ce ban ji ba, ta sake. Ta yi kuka, ta yi fushi, wata rana ta ce mini, “Madam, a gidanmu in babba na zaune ba a ɗaga murya.” Na ce mata kwata ba ta san babba ba. A hankali maganar ta zauna a bakinta, gajera, ba kwana-kwana. Ranar da ta faɗe ta daga farko har ƙarshe ba ta sunkuyar da kai ba, wallahi sai da na ji ƙwalla.

Ranar biki aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka kawo kujeru masu laushi na manya. An ce da hantsi, wakili ya iso rana ta take tsaka. Sai jawabai. Duk wanda ya tashi sai ya gaida kowane babba da cikakken muƙaminsa, wanda ya biyo shi kuma ya sake daga farko, kamar a tsakanin jawaban biyu an canza mutanen. Shugaban matasa ya yi bayani mai tsawo cewa matasa su ne manyan gobe. Ya daɗe yana faɗin haka, goben ce dai ba ta da niyyar zuwa.

Ana kiran yarinyar kuran ya ɗauke, wato wutar lantarki. Mikoro, abin ƙara murya, ya mutu, injin wuta da aka yi haya kuma ya ƙi tashi. Mai unguwa bai damu ba ko kaɗan. Ya ce kafin a ƙirƙiro mikoro da me ake taro? Ya yafito sanƙiransa, wato maroƙin da ke tsayawa kusa da mai magana yana maimaita abin da aka faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Mutum ne mai murya kamar ganga, ya gaji sana'ar iyaye da kakanni, kuma a iya rayuwarsa bai taɓa isar wa babba magana mai ɗaci ba tare da ya wanke ta ba. Wannan ne aikinsa, kuma ya iya shi.

Yarinyar ta tsaya can bakin rumfa, babura na wucewa a bayanta. Ta ce, “Ranka ya daɗe, kwatar unguwa ta fashe, ruwan datti yana shiga lambunanmu.”

Sanƙira ya gyara hula ya kwarara: “Ta ce Allah ya ja zamanin mai girma! Ta ce a zamaninku ko lambun talaka bai san ƙishirwa ba!”

Aka tafa. Yarinyar ta dube ni. Na yi mata alama ta ci gaba. Ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta ce, “Salatin babana ya mutu. In damina ta zo ba a gyara ba, ba mu da abin ci.”

“Ta ce uba ya shuka, ɗiya ta taso! Ta ce in damina ta zo, bayan Allah ba su da kowa sai ku!”

Wakili ya ɗago kai daga wayarsa ya yi murmushi. Babba ba ya sauraron yarinya in ga sanƙira a tsaye, kunnensa na wajen mai babbar murya. Ni kuwa jinina ya hau. Na miƙe na ce, “Ba haka ta ce ba!” Sanƙira ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, “Malamarsu ma ta ce yarinya ba ta faɗi rabin alherinku ba!” Aka sake tafi, har da guɗa daga wajen shugabar mata. Shugaban ƙungiyar da ta ɗauke ni aiki ya ja gefen mayafina, ya raɗa mini cewa in zauna don Allah, da waɗannan mutane za mu yi aiki baɗi.

Wakili ya tashi ya ce ya je taruka da yawa, amma bai taɓa ganin matasa masu tarbiyya irin na Gamkalley ba, ba ƙorafi, ba tsaurin ido. Ya miƙa wa yarinyar takardar shaidar kammala horon shugabanci, aka ɗauki hoto. Na bi shi har mota ina ta bayani, ya ce in zo ofis. Na je, na koma, na sake komawa. Kullum yana wajen taron matasa a wata unguwa.

Mahaifinta bai zo bikin ba, don ban-ruwa ba ya jira. Bayan ƴan kwanaki na gangara lambun. Wari ya tare ni tun daga nesa. Ruwan baƙi ya cinye wasu fangalin, yarinyar tana cikin taɓo har idon sawu tana jera buhunan ƙasa. Ta gaishe ni ba ta haɗa ido da ni ba, na ji kunya ta kama ni kamar ni na fasa kwatar.

Tsohon ya ajiye bokitin ban-ruwa ya gaishe ni da Zabarmanci ya ce, “Fofo, Madam. An ce ɗiyata ta yi magana gaban manya har aka tafa mata.” Fuskarsa cike da murna. Na ce ta yi, Baba, ta yi sosai. Ya tambaya yaushe masu gyara za su zo. Yarinyar ce ta amsa, tana ci gaba da aikinta: “Sun ce mun burge su, Baba.”

Ya kalli ruwan, ya gyaɗa kai. Sannan ya hau can sama inda ya rage ɗan kore, ya tsinko salati mai kyau ya ɗaure da zare, ya miƙo mini da hannu biyu, wai tukuicin wahalar da na sha da ɗiyarsa.

Ya ce, “Ki wanke shi da kyau kafin ki ba yaranki, Madam. Kin ga ruwan da yake sha.”